Kafin ka sayi man giyar mota mai tsada

Direbobi da masu manyan motoci, kada ku bi tsada, ku duba jikin galan. In an rubuta GL-5, wato alamar ajin man, kuma kaurinsa ya yi daidai da abin da littafin motarka ya ce, kamar 85W-140, ya ishi difarenshal ɗinka, wato giyar da ke raba wa tayoyi ƙarfin inji.

Mai tsadar, wato sintetik, ya fi jure zafi, yana kuma daɗewa kafin a canza. In tirela ce mai jan kaya daga Legas zuwa Kano, kuɗinka zai fito.

Amma in aksil na yoyo, asara ce, a titi zai tsiyaye. Gyara sil, wato robar da ke hana mai fita, tukuna. Haka in ruwa ya shiga da damina, man ya koma kamar madara, dole a zubar komai tsadarsa.

Kuma a kula da jabu, ya cika kasuwa.