Yadda aka riƙa maida FIFA 21 daga PS4 zuwa PS5

A Disamba 2020 da gem ɗin ƙwallo na FIFA 21 ya sauka a PS5, mai na PS4 bai buƙaci sake kashe kuɗi ba, kamfanin EA da ya yi gem ɗin sun ce kyauta ne har FIFA 22 ya fito, shi kuwa ya fito tun 2021. A lokacin sai ka sa faifan a PS5 ɗin, ka shiga da akawun ɗinka na da, ka zaɓi na PS5 ka sauke, amma fa sai ka tanadi data mai yawa don gem ɗin nauyi gare shi. Mai PS5 marar wurin faifai kuwa sai in ta intanet ya saya tun farko.

A lokacin ci gabanka a FUT (inda kake haɗa ƙungiyarka) da Volta (ƙwallon titi) kan biyo ka, na Career Mode kam a PS4 yake tsayawa, wannan ya min ciwo wallahi. In ka ji maɓallin gudu na R2 ya yi tauri ba lalacewa ba ce, ɗan wasanka ne ya gaji, canza shi.