Darasi na Bakwai: Idan Tankar Mai Ta Faɗi

Karatu

Majiya gari ne a ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, a bakin titin da ya tashi daga Kano zuwa Haɗeja. A daren Talata, 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru ta ƙwace wa direbanta, ta kife a gefen hanya. Fetur ya malala cikin magudanar ruwa. Kafin ka ce kwabo labari ya zaga gari, mutane suka fito da bokiti da jarka da kwano. 'Yan sanda sun ce sun yi ta korar jama'a, amma taron ya fi ƙarfinsu. Ana cikin ɗiba sai wuta ta tashi.

Washegari aka yi jana'izar gawarwaki masu yawa a kabari na bai ɗaya, domin wasu ko iyayensu ba su iya shaida su ba. Waɗanda suka ƙone aka rarraba su asibitocin Ringim da Haɗeja da Kano, wasu kuma can suka cika. Daga ƙarshe adadin mamatan ya haura 200. Allah Ya jiƙansu da rahama.

A lura da abu ɗaya: faɗuwar motar ba ita ta kashe waɗannan mutane ba. Direban ma ya fita da ransa. Waɗanda suka mutu da ƙafarsu suka je wurin, wasu don ɗibar mai, wasu don kallo, wasu kuwa sun je ne su janyo ɗa ko ƙane daga cikin taron.

Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Janairu, 2025, aka sake yi a mararrabar Dikko da ke jihar Neja, kan hanyar Abuja zuwa Kaduna. Tanka mai ɗauke da lita 60,000 ta faɗi, aka kawo janareta ana ƙoƙarin juye man zuwa wata motar, jama'a kuma sun kewaye wurin. Mutum fiye da 80 suka rasu. A Yamai ma an ga irinta a watan Mayu na 2019, kusa da filin jirgin sama, inda aka rasa fiye da mutum 50. Mafi muni a tarihin Najeriya ita ce ta garin Jesse a jihar Delta, a watan Oktoba na 1998. Can bututun mai ne ya fashe, mutane suka taru suna ɗiba, gobarar ta ci fiye da mutum 1,000.

Me ke kai mutane wurin?

Ba sai an ɓoye ba, babu ce. Kafin a cire tallafin mai a ƙarshen Mayu na 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 a gidan mai ba. A lokacin gobarar Majiya ta haura naira 1,000. Magidancin da ya kwana bai ajiye ko kwanon masara a gida ba, in ya ga fetur na gudu a lambatu, kuɗin cefane yake gani. Ba mu zo zagin mamata ba. Sai dai yawancin masu zuwa ɗiba suna zaton muddin ba wanda ya ƙyasta ashana, ba abin da zai faru. Wannan zaton ne ke kashe mutane, shi kuma za mu gyara a wannan darasi.

Yadda wutar fetur take kamawa

Abin da ke kama wuta tururin fetur ne, wanda ido ba ya gani amma hanci yana ji. Fetur ba ya buƙatar zafin rana kafin ya yi tururi. Ko cikin sanyin hunturu yana yi. Wannan tururi ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama ya watse. Ƙasa yake bi, kamar ruwa mai neman gangare: ya shiga kwata, ya bi ƙarƙashin kwalbati, ya taru a rami. Iska kuma tana iya tura shi har bakin tukubar mai tsire ko murhun mai shayi da ke can nesa. Da zarar ya taɓa wuta, sai wutar ta biyo shi da gudu ta komo har gindin tankar.

Ba sai da ashana ba. Tartsatsi ɗaya ya isa. Bokitin ƙarfe ya gogi kwalta, ya isa. A tayar da babur ko janareta, ya isa. Guntun sigari, salansar mota mai zafi, wayar batir da ta tsinke a jikin motar da ta faɗi, duk suna iya tayar da ita. A cikin taron mutum ɗari uku, wa zai iya lamunce maka cewa ba wanda zai yi ɗaya daga cikin waɗannan? Ko kai ka kiyaye, na bayanka fa?

Ga kuma wani abu. Mai ɗiba tufafinsa sun jiƙe da fetur, ƙafarsa na cikin fetur, hannunsa riƙe da jarka. In wuta ta tashi, da ita yake gudu. Shi ya sa ƙunar irin wannan gobara take cin jiki gaba ɗaya, har wanda aka kai asibiti da rai yakan cika bayan kwanaki.

Abin da za a yi

In har kana jin warin fetur, to kana cikin haɗari. Ka bar wurin da ƙafa. Ka nufi inda iska ke fitowa, ka hau tudu, kada ka bi gangare ko bakin kwata. Ka yi nisa na aƙalla mita 300, wato tsawon filin ƙwallo uku. In tankar ta riga ta kama wuta, nisan ya zama mita 800, domin tana iya fashewa ta yi jifa da ƙarafa. Babur ɗinka in yana kusa, tura shi za ka yi, kada ka tayar.

Bayan ka yi nisa sai ka kira agaji: 112 lambar gaggawa ce a Najeriya, 122 ta hukumar kiyaye haɗurra ce, a Nijar kuwa 18 ce ta 'yan kwana-kwana. Ka faɗi sunan gari da abin da motar ta ɗauko. A sanar da mai unguwa da liman. Lasifikar masallaci tana kai magana inda muryar ɗan sanda ba ta kaiwa, kuma mutane sun fi jin maganar wanda suka sani. Gidajen da ke kusa a kashe murhu da janareta. Uwa ta ƙirga 'ya'yanta, ta rufe ƙofa. Masu son ɗaukar bidiyo da waya su haƙura, wuta ba ta bambanta mai ɗiba da ɗan kallo.

Kada a watsa wa wutar fetur ruwa. Fetur yana tasowa saman ruwa, sai ruwan ya ɗauki wutar ya yaɗa ta. Ƙaramar wuta a kan kashe ta da yashi. Wutar tanka kuwa aikin 'yan kwana-kwana ne.

Wanda wuta ta kama tufafinsa kada ya yi gudu, gudu iska yake ƙara mata. Ya kwanta ya yi ta birgima a ƙasa nesa da inda man ya zuba, ko a lulluɓe shi da bargo mai kauri. Daga nan a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta, mai ɗan sanyi, a kan ƙunar har minti 20. Ban da ƙanƙara. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, amma tufafin da ya manne da fata a bar shi. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a garzaya asibiti. Manja, ɗanyen ƙwai, gishiri, man goge baki da baƙin mai duk a bar su. Ba sa warkarwa, sai dai su riƙe zafi, su jawo ruɓa, su ba likita wahalar wankewa.

Ɓangaren hukuma

Bayan gobarar Dikko, gwamnatin tarayya ta hana loda wa tankoki masu cin lita 60,000 mai daga ranar 1 ga Maris, 2025. Mataki ne mai kyau, amma tanka mai lita 45,000 ma ta isa ta ci unguwa. Ramukan titi suna nan, direbobi suna tuƙin dare da gajiya, ƙauyuka da yawa kuma suna nesa da motar kashe gobara. A irin wannan wuri, kafin hukuma ta iso, mutanen gari ne hukumar kansu.

Tambayoyi

1. A wace jiha Majiya take, kuma a wace shekara gobarar ta faru?
2. Me ya sa tururin fetur yake bin ƙasa?
3. Faɗi abubuwa uku da ke tayar da wuta ban da ashana.
4. Me ya sa ba a kashe wutar fetur da ruwa?

Lissafi

Jarka tana cin lita 25. In lita ɗaya naira 1,000 ce, nawa ne kuɗin jarka ɗaya? Jarka nawa za a cika da lita 60,000?

Rubutu

A kwafi wannan jimla sau biyar: In na ji warin fetur, zan yi nisa.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya rubuta lambobin gaggawa a takarda da manyan baƙaƙe, ya manna a zaure ko shago. Sannan ya tara yaran gidansa ya karanta musu sashen "Yadda wutar fetur take kamawa". A mako mai zuwa kowa zai faɗa wa aji tambayoyin da yaran suka yi masa.