Yadda ake ƙiyasta ƙarfin bututu biyu da aka haɗa da gam

Masu koyo kusan hanya ɗaya suke bi. Su ɗauki lambar da kamfanin gam ya rubuta a takardarsa, su ninka ta da filin da gam ya shafa, su ce ga nauyin da haɗin zai ɗauka. Sai a ɗora masa rabin hakan ya saki.

Wannan lissafi matakin farko ne, don haka yi shi. Idan bututu ya shiga cikin wani, filin gam shi ne 3.14 sau faɗin ƙaramin bututun daga waje sau tsawon da ya shiga. Faɗin milimita 25 da shigar milimita 20 zai ba ka murabba'in milimita 1,570. In takarda ta ce gam ɗin efoksi na jure MPa 25, wato niyutan 25 (ma'aunin ƙarfi) a kan kowane murabba'in milimita, ninka da filin ka samu niyutan 39,000 da ɗoriya, wajen tan huɗu. Rubuta ka ajiye, amma kada ka dogara da ita. Lambar takardar daga gwajin fallayen ƙarfe biyu take fitowa, irin gwajin da ake kira ASTM D1002, inda suka hau juna milimita 12.7 kacal bayan an goge su fes.

Sai ka duba bututun kansa. Bututun alminiyam nau'in 6061-T6 mai wannan faɗin da kaurin milimita 1.5, idan aka yanke shi a gicciye, yana da naman jiki wajen murabba'in milimita 110, kuma yana fara miƙewa a MPa 240. Niyutan 26,400 ke nan. Tun kafin a je tan huɗun, bututun ya gaji.

Yanzu ga inda kowa ke faɗuwa. Gam ba ya raba nauyi daidai a tsawon haɗin. Bakunan biyu ne ke shan wahala, tsakiya na hutawa, kamar ɗinkin da ake ja, zaren baki ne ke fara tsinkewa. Wani masani mai suna Volkersen ya fitar da lissafin wannan a 1938, masana Lubkin da Reissner suka yi na bututu a 1956. Ga sauƙaƙƙiyar hanya idan bututan biyu ƙarfe ɗaya ne kuma kaurinsu ya yi kusa. Ɗauki taurin gam wajen zamewa, na efoksi wajen MPa 1,000 ne, raba da kaurin gam, a ce milimita 0.2, ka samu 5,000. Ninka da 2. Raba da taurin alminiyam, MPa 70,000, sau kaurinsa 1.5, wato 105,000. Ka samu 0.095. Tushen murabba'insa 0.31. Ninka da rabin tsawon shiga, milimita 10, ya zama 3.1. Ma'anarsa, matsin da ke baki ya ninka matsakaici sau uku da ɗan abu. Raba 39,000 da 3.1, ƙiyasinka ya sauko wajen niyutan 12,600. Wannan gajeriyar hanya tana aiki ne muddin sakamakon ya haura 2.

To, maimaita da shigar milimita 40. Filin ya ninka, amma 3.1 ɗin ma ya koma 6.2, amsa ta dawo 12,600 dai. Mai koyo da haɗinsa ya saki yakan ƙara tura bututu ciki, ya ɓarnatar da gam mai tsada da bututu a banza. Abin da ke ƙara ƙarfi shi ne faɗin bututu, ko feƙe bakinsa ya sirance a hankali, ko canza gam.

Ni gam mai ɗan danƙo nake zaɓa ko da lambarsa ta gaza ta mai tauri. Idan baki ya cika, sai ya ɗan saki ya miƙa wa tsakiya nauyin, don haka ƙara tsawo na yi masa amfani, kuma ƙarfinsa kan matso kusa da lissafin farko. Mai tauri kuwa, baki na tsagewa magana ta ƙare.

Sauran a gurguje. Ratar gam ta tsaya milimita 0.1 zuwa 0.2, kuma daidai ta kowane gefe. 'Yar siririyar waya a cikin ratar ta fi komai araha wajen tsayar da bututu a tsakiya. Gam ɗin da ya tsatso a baki kada ka kankare shi, yana rage matsi. Goge ƙarfen da samfefa, share da asiton, sinadarin cire maiƙo, kada yatsa ya sake taɓawa. In wurin zai yi zafi ko danshi, ko nauyin zai riƙa zuwa yana tafiya, raba amsarka da uku ko huɗu. Manhajoji irin su Abaqus suna fitar da lissafi mai zurfi, amma suna neman alƙaluman tsagewar gam da takardar kamfani ba ta cika bayarwa ba.

Haɗa samfuri biyar ka ja su har su karye, ka duba wurin. Gam a jikin bututan biyu, ƙiyasinka na kan hanya. Ɗaya ya fito tas babu gam, matsalar gugar ƙarfe ce, kuma sai ka gyara ta kafin ka gwada lambobin da juna.