Yadda Ake Kafa Kamfanin Fasaha a Kano Ba Tare da An Koma Legas Ba

Kusan duk shekara sai na ga samari masu kaifin ƙwaƙwalwa sun fito daga Jami'ar Bayero ko ta Wudil, sun haɗu su uku, sun raɗa wa kamfani suna, sun buga riguna da tambari. Bayan wata takwas ka tambayi labarinsu, a ce maka ɗaya ya tafi bautar ƙasa, ɗaya ya koma shagon babansa, na ukun yana Abuja neman aiki. In ka zauna da su, bakinsu ɗaya: "Ai Kano ba a waye da harkar ba, da a Legas muke da tuni an wuce wurin."

Gaskiya ne Legas ta fi mu masu zuba jari, kuma kowa ya ji labarin Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Legas, da kamfanin Stripe na Amurka ya saya a 2020 a kan sama da dala miliyan 200. Amma ni ma na taɓa faɗuwa a wannan harka, kuma na san ba garin ne ya kayar da ni ba. Ba zan tsaya koya maka rubuta manhaja ba, na ɗauka ka iya ko kana da wanda ya iya. Sauran aikin zan faɗa maka.

Mataki na farko: rufe kwamfutar, ka shiga kasuwa

Abin da Kano ta mallaka shi ne ciniki. Kantin Kwari na atamfa da shadda, Singa ta kayan masarufi, Dawanau ta hatsi da riɗi da zoɓo da ake fita da su ƙasashen waje, Farm Centre ta wayoyi, Ƙofar Ruwa ta kayan gini da na gyaran mota, 'Yan Kaba ta kayan gwari. Zaɓi guda ɗaya. Guda ɗaya na ce, domin matsalar mai tumatir da ke tsoron kayansa su kwana ba ita ce ta mai shadda da ke bin bashi har Nijar da Chadi ba.

Kada ka shiga kai kaɗai. Nemi wanda zai tsaya maka, kawu ne, maƙwabci ne, ko abokin babanka, wanda zai ce "ɗana ne, a bar shi ya zauna." Baƙon da ya shigo da jaka a baya yana tambayar nawa ake ciniki, ɗan haraji za a ɗauke shi, kuma babu mai gaya masa gaskiya.

Ka yi aƙalla mako biyu kana zama daga buɗe shago zuwa rufewa. Ka guji tambayar "idan na haɗa kaza za ka yi amfani da shi?" Bakano ba zai kunyata ka a gaban shagonsa ba, zai ce "ƙwarai kuwa, Allah ya taimaka," kai kuma ka tafi da murna. Ido za ka sa. Wane littafi ake buɗewa, wa ke rubutawa, a kan me ake tayar da jijiyar wuya da yamma? Inda ka ga ana rigima a kai a kai, nan kuɗi ke zurarewa, nan kuma aikinka yake.

Mataki na biyu: fara yi da hannu

Kafin ka rubuta layi ɗaya na manhaja, ɗauki shago biyar ka yi musu aikin da kanka. In lissafin bashi ne, su turo maka saƙon murya ta WhatsApp, kai ka shigar a kwamfuta, da daddare ka tura wa mai shago taƙaitaccen bayani: wane ya biya, wane saura kaza. Wannan ba zai ci maka komai ba sai data da barci. In bayan wata guda ka yi shiru kwana biyu babu wanda ya kira ya ce "Malam, yau ba mu ga lissafi ba," to abin bai dame su ba, sake lale.

Mataki na uku: gano wanda wayar za ta zauna a hannunsa

Nan na faɗi, nan kuma zan daɗe.

Mun haɗa manhajar ƙididdigar kaya don wani babban shagon atamfa. Wata shida muna aiki. Ranar da muka nuna wa Alhaji, ya ji daɗi sosai, ya ce, "Yarana, wannan ai shi nake nema, ina Makka ma in san turmi nawa ya fita daga sito." Muka ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Ya biya kuɗin wata uku nan take. Muka fita muna ganin mun haye.

Bayan mako uku na duba, babu abin da aka shigar tun ranar Laraba ta farko. Na je shagon. Babban yaron Alhaji, mutumin da ya shekara fiye da goma a wurin, ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini ruwa, ya ce netiwok ne ke ba su matsala. Na gyara ta yadda za ta yi aiki ko babu netiwok. Sai aka ce wayar ce ba ta riƙe caji. Na sayi wata da kuɗina. Sai aka ce ciniki ya yi yawa babu sukuni. Sai da wani ƙaramin yaro a shagon ya raka ni bakin titi neman Adaidaita Sahu, ya ce mini a hankali, "Yaya, wannan abin naku fa abincin mutane zai taɓa."

A ranar na fahimta. A kasuwa, yaron shago ba da albashi kaɗai yake rayuwa ba. Akwai ɗan abin da yake ɗorawa a kan farashin maigida, akwai rabon 'yan kayi-nayi da suka jawo mai saye, akwai turmin da ake arowa daga shagon maƙwabci a sayar a mayar da kuɗi kafin magariba. Mafi yawan wannan Alhaji ya sani, shi ma ta nan ya biyo, kawai ba a rubutawa ne. Manhajarmu ba ta da gurbin ko ɗaya daga ciki. Duk wanda ya shigar da gaskiyar ciniki a cikinta, sai ya fito kamar ɓarawo. Mun gina wa mai biyan kuɗi, mun manta da mai danna wayar.

Don haka ka riƙe wannan a matsayin doka. A kowane wuri, ka rarrabe mutum uku: mai biya, mai amfani, da wanda zai yi asara in abin ya yi aiki. Ka zauna da kowannensu shi kaɗai, ba a gaban maigida ba. Sannan ka tabbata mai amfani ya samu wani abu na kansa tun ranar farko. Da muka sake gini, da abin da ke ci wa yaran tuwo a ƙwarya muka fara: alat na bogi, da kuɗin da mai saye ya ce ya tura amma bai shigo ba, wanda a ƙarshe a wuyansu yake faɗawa. Muka kuma sa gurbin la'ada a fili, da yardar Alhaji. Daga nan su da kansu suke kirana in abu ya tsaya.

Wasu ƙananan abubuwa da na koya a wannan matakin. A rubuta komai da Hausar kasuwa, "bashi", "saura", "an biya", ba Hausar littafi ba. Kada shigar da ciniki ɗaya ya wuce dannawa uku, domin mai saye na tsaye. Ka gwada a ƙaramar Tecno ko itel mai fasasshen gilashi wadda hotuna suka cika, ba a wayarka ba. Kuma in za ka iya sa murya a maimakon rubutu, sa.

Mataki na huɗu: karɓi kuɗi tun daga farko

"Allah ya yi albarka" addu'a ce mai kyau, muna so, amma ba ta biyan kuɗin saba, wato kwamfutar da ake haya a intanet don ɗora manhaja. Kyauta na wata ɗaya ya isa. Wanda ya saba da kyauta wata shida, ranar da ka ce ya biya sai ya ga ka canza hali.

Ni na fi son a karɓi kaɗan a kan kowane aiki da a ce kuɗin wata. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da aka canza fasalin kuɗi, har mai shayi ya koyi karɓar tiransifa, kuma mutane sun saba mai POS ya cire ɗari ko ɗari biyu. Wannan tsarin ya riga ya zauna a kai. Kuɗin wata kuwa kamar haya yake, kullum sai ka bi.

Abu ɗaya da masu kwaikwayon Legas ke tuntuɓe da shi: kuɗin ruwa. Duk abin da ya yi kama da riba a kan bashi, yawancin 'yan kasuwarmu za su ja baya, kuma suna da hujjarsu. Ba banza bankin Jaiz ya sa Kano cikin rassansa na farko da ya buɗe a 2012 ba. In harkarka ta shafi bayar da kaya bashi ko haɗa jari, zauna da malamin da ya san fiƙihun ciniki kafin ka tsara farashi.

Mataki na biyar: takarda tsakaninka da abokan tafiya

Yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ta intanet ake yi. Tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma zai iya buɗe ƙaramin kamfani. In kana da niyyar karɓar jari wata rana, kamfani mai hannun jari za ka yi, kada ka tsaya a rajistar sunan kasuwanci don ta fi araha, daga baya sai ka sake kashe wani kuɗin.

Abin da ya fi rajistar muhimmanci shi ne yarjejeniya. Na san kunya, "ai tare muka taso, unguwarmu ɗaya." Addininmu ma ya ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Ku rubuta kason kowa, kuma kason ya riƙa tabbata sannu a hankali cikin shekara huɗu, wanda ya fice kafin shekara guda ya tafi hannu rabbana. Na ga kamfanin da mai kashi talatin cikin ɗari ya bar gari bayan wata biyar, sauran suka yi ta wahala suna masa noma. Ku kuma rubuta cewa manhajar ta kamfani ce, ba ta wanda ya rubuta ba.

Wuta, data da dala

Kada ka kama ofis a shekarar farko. Kuɗin hayar ka sayi sola da inbata da batir mai kyau, ka ajiye a ɗakin zaure ko shagon gida. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, janareta ya zama abin gaggawa kawai. Ka riƙe layin waya biyu na kamfanoni daban. In kana son haɗuwa da 'yan uwa masu harka irin taka, akwai cibiyoyi kamar Startup Kano da Blue Sapphire Hub, leƙawa lokaci zuwa lokaci ta wadatar.

Ka lura da abin da kake biya da dala. Kai naira kake karɓa, saba kuwa da dala ake hayarta. Dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ɗauki mafi ƙanƙantar saba, ka kashe duk abin da ba ka amfani da shi, ka duba lissafin duk mako.

Ma'aikata kuwa, ƙwararren da ya goge ba za ka iya riƙe shi ba, yana ɗakinsa a Kabuga ko Hotoro yana yi wa kamfanin waje aiki ana biyansa da dala. Ɗauki ɗalibai masu zuwa koyon aiki da waɗanda suka fito daga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya mai koyar da matasa fasahar zamani, ka horar da su, ka sa a ranka wasu za su tafi. Kada ka manta da mata: kasuwancin da ake yi daga cikin gidaje ta WhatsApp da Instagram, na turare da abaya da kayan kicin, mace ce za ta shigar maka da shi, kai a ƙofar gida za ka tsaya.

Batun jari

Na bar shi a ƙarshe da gangan. Jarinka na farko kuɗin masu saye ne. Na biyu Alhajin da ya riga ya ga amfanin abin a shagonsa. Attajiran Kano ba rowa gare su ba, sun saba ganin kaya a sito ne, don haka kada ka je musu da allon bayani mai zane-zane, kai musu littafin shiga da fita na wata shida, ka yi maganar da harshen da suka sani, wato haɗin gwiwa da rabon riba da asara.

Gidauniyar Tony Elumelu tana bayar da dala 5,000 ga waɗanda aka zaɓa, ana buɗe neman a farkon Janairu, ka cika fom ɗin. Dokar sabbin kamfanonin fasaha da aka sa wa hannu a Oktoban 2022 ta tanadi takardar shaidar zama sabon kamfanin fasaha, wadda ake nema ta hannun hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, nemi ita ma in ka yi rajista. Amma kada ka zama ɗan gasa, yau kana wannan taro gobe kana wancan da kwali a hannu, shagunan da suka yarda da kai suna kira ba ka ɗagawa.

In za ka riƙe kuɗin mutane, sai da lasisin Babban Bankin Najeriya, don haka jingina da kamfanin da ya riga ya mallaka. In kana tara sunaye da lambobin waya, dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kanka, karanta ta. Legas kuwa ka je in an kira ka zama da mai zuba jari, kwana biyu ka dawo, kuma kafin ka hau jirgi ka bar wa yaran shaguna lambar wanda zai ɗaga waya in abu ya tsaya ranar Asabar da hantsi.