Manoman wake, ku duba fure kafin ku sayi magani

Salam 'yan uwa. Wata 'yar dabara ce na koya bara, na ce bari in ajiye muku nan.

Kar ka jira sai ka ga kwanson wake ya huje sannan ka ɗauko feshi. Da wake ya fara fure, shiga gona da sassafe, ka tsinko fure daga wurare daban daban ka buɗe da farce. In ka ga 'yar farar tsutsa mai ɗigon baƙi a baya, ko fure da ganye sun manne da zare kamar na gizo, to maruka ce ta iso, wato tsutsar da ke cin fure tana huda kwanson wake.

Yi feshi a ranar, amma da yamma lis. Uwar tsutsar, mai kama da ƙaramin malam-buɗe-littafi, da dare take yawo tana saka ƙwai, tsutsar ma da dare take fitowa, da rana tana ɓoye cikin fure. Da ta shige kwanso kuwa magani ba ya kai mata, kuɗinka kawai ka zubar, ni haka na yi asara shekaran bara wallahi.

In aljihu ba nauyi, daka 'ya'yan darbejiya ka jiƙa su kwana, ka tace, ka sa ɗan sabulu. Sai dai yana son maimaici duk sati, kuma in ruwan sama ya sauka bayan feshi to ya wanke, sai ka sake.

Masu irin waken SAMPEA 20-T na cibiyar binciken aikin gona ta IAR Zariya, shi yana jure maruka, amma bai hana ƙwarin da ke tsotse kwanso ba, ku ci gaba da leƙa gona.