Yadda za ku haɗa sola, ruwa da rezo a ƙauyenku kuma kayan su daɗe

'Yan uwa da ke ƙauyukan bayan Garwa, Gider ko Mora a arewacin Kamaru, wutar dam ɗin Lagdo tun 1982 take aiki amma har yau akwai garuruwan da ko falwaya ɗaya ba a kafa musu ba, to kar a zauna jira, rana muna da ita har ta yi mana yawa.

Ku fara da ruwa, ba da intanet ba. In akwai foraj, wato rijiyar burtsatse, a gari sai a sa masa famfon sola da shato, wato tankin ruwa, a sama, kuma dan Allah kar wani ya ruɗe ku ya sayar muku da batir saboda famfo, ba ya buƙata, da rana ya tura ruwa cikin tanki, da dare tankin ya ba ku. Batir shi ne abin da ke fara mutuwa a zafin watan Maris da Afrilu.

Sai wajen caji. Lissafin ba wuya, pano, wato farantin sola, mai wat 300 in ya samu kamar awa 5 na rana mai kyau zai ba da kilowat-awa ɗaya da ɗan wani abu a wuni, wannan ya isa cajin waya wajen 50, in za a ƙara firij na allurar rigakafi ko fitilun makaranta sai a ƙara pano. Fuskarsa ta kalli kudu tunda muna arewa da ikwaita, a ɗan karkata shi kaɗan yadda ruwan sama zai wanke shi ya gangara. Lokacin hunturu kuwa ƙura ce babbar abokiyar gaba, za ka ga gilashin ya yi fari fat har yara na rubutu da yatsa a kai, caji ya ragu mutane su ce kaya sun lalace alhali tsumma mai laushi da ruwa kawai yake so, da sassafe kafin ya ɗau zafi. Batirin cajin a ɗakin ƙasa mai iska za a ajiye shi, ba ƙarƙashin kwano ba.

Maganar rezo, wato sabis ɗin waya da intanet, a ɗau layin MTN da na Orange a hau saman shato a gwada wanda ya fi kamawa, nan za a ɗaura eriya a ja waya zuwa ruta, wato na'urar da ke raba intanet, a ƙasa. Ko WhatsApp kaɗai ya yi aiki an ci riba, mai albasa zai ji farashin kasuwar Pitowa kafin ya ɗora buhu a mota.

Inda na fi so ku tsaya shi ne kuɗi, dan yawancin famfunan da kuke gani a mace a kan hanya ba wani babban abu ya kashe su ba, ƙaramin gyara ne aka rasa mai biya. Tun kafin a sayi ko ƙusa ɗaya a zauna gaban jauro ko lawan, da liman, da mata dan su ne ke ɗiban ruwan nan, a yanka abin da za a biya kan kowace jarka da kowane caji ko da sefa kaɗan ne, kuma ba ɗan sarki ba ɗan malam kowa ya biya. Kuɗin kar ya kwana a aljihun mutum ɗaya, a zuba a Orange Money ko MoMo na kwamiti, mai rubuta littafi daban mai riƙe layin daban, duk ƙarshen wata bayan Juma'a a karanta abin da ya shiga da wanda ya fita. Makiyayan da za su shayar da shanu ma a yi magana da su tun farko, a gina musu kwami nesa da inda mata ke layi.

Ranar da mai haɗa kayan zai zo ku manna masa samari biyu na gari su tsaya kansa har ya gama, ya nuna musu fis da wayoyi da yadda ake karanta regilato, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, ku karɓi lambarsa da rasit ɗin kowane kaya. Pano ɗin kuma a yi masa walda da ƙarfe a kewaye shi da waya saboda ɓarayi da awaki.