Yadda za ka gwada ko ruwa na juyawa daban a kudancin duniya

A garin Nanyuki na ƙasar Kenya, inda layin Ikwaita, wanda ya raba duniya arewa da kudu, ya ratsa, akwai masu nuna wa baƙi wani abin mamaki. Su zuba ruwa a kwano mai huji, su ɗora tsinken ashana a kai, ya juya gefe ɗaya. Su yi taku goma zuwa kudu, ya koma juyawa ɗaya gefen, wai don ruwa na juyawa daban a arewa da kudancin duniya. Sai baƙo ya ciro kuɗi. Rufa ido ne, kuma da baho ɗaya a tsakar gida za ka kama dabarar.

Ka nemi bahon roba mai faɗi wanda uwargida ta haƙura da shi. Ɗora ƙusa a wuta, ka huda shi a tsakiya daidai, ka kankare bakin hujin ya yi sumul. Cusa guntun tiyo a hujin daga ƙasa, ka lanƙwashe bakinsa ka ɗaure da kyauro. Amfanin tiyon shi ne ka iya sakin ruwan ba tare da ka tsoma hannu ciki ba, don yatsa ɗaya ya isa ya ɓata gwajin. Sai ka ɗora bahon a kan bulo biyu.

Gwajin farko: zuba ruwa da buta ta gefen bahon, yana bin bango ta hagu, kamar yadda ake ɗawafi. Jira minti biyu har ka ga ya lafa, ɗora tsinken ashana a tsakiya, ka kwance tiyo. Tsinken zai bi hanyar ɗawafi. Sake cikawa, wannan karon ta dama. Zai bi hannun agogo, alhali ba ka motsa daga inda kake ba. Abin da masu kwanon Nanyuki ke yi ke nan. Ruwan da ido ke gani a kwance bai gama yawo ba, yana riƙe da juyin da aka zuba shi da shi na sa'o'i.

Ba wai maganar ba ta da tushe ba. Juyawar duniya na karkatar da abin da ke tafiya a kanta, zuwa dama a arewa, zuwa hagu a kudu. Wani Bafaranshe, Gaspard-Gustave de Coriolis, ya yi lissafin abin a 1835, shi ya sa ake kiransa ƙarfin Coriolis. Shi ke sa manyan guguwar teku juyawa irin na ɗawafi a arewa, su bi hannun agogo a kudu. Amma guguwa tana da faɗin ɗaruruwan kilomita, tana kwanaki tana haɗuwa. Duniya kuwa sau ɗaya take juyawa a sa'a 24, rabin saurin gajeren hannun agogo. Ina wannan zai yi tasiri a ruwan da ke tsiyayewa cikin minti ɗaya? A kan Ikwaita ma ƙarfin sifili ne.

Gwaji na biyu sai mai haƙuri. Cika bahon, ka rufe shi da faranti ko leda saboda iska, a ɗakin da rana ba ta shiga, ka hana yara zuwa kusa. Bar shi kwana ɗaya cur. Haka Ascher Shapiro na jami'ar MIT da ke wajen Boston a Amurka ya yi a 1962, da tanki mai faɗin ƙafa 6 da zurfin inci 6. Ya jira sa'a 24, ya saki ruwan a hankali, sai bayan fiye da minti 10 ɗan abin da ya ɗora a kai ya fara juyawa irin na ɗawafi. A 1965 aka maimaita a Sidni ta Ostireliya, ya bi hannun agogo.

Kai ma ka yi naka sau goma aƙalla, kana rubuta gefen da ya bi kowane karo. Sai dai kada ka sa rai da yawa: Kano na digiri 12 ne arewa da Ikwaita, ƙarfin a nan bai kai sulusin na wajen Boston ba, bahonka kuma bai kai tankin Shapiro ba. In ka ga kullum gefe ɗaya yake bi, fara duba bakin hujin da zaman bulon tukuna.